Izinin Buga Ƙusa

Zuwa ga ɗan Gwaggona, mai haƙar rijiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya, kai da injinka da duk wanda ya yi rashin sa'ar kwana ɗaki ɗaya da minsharinka. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Maigidana ya warke daga ciwon bayan nan, har ya koma tuƙi. Gwaggo tana gaishe ka. Ta ce gwiwoyin ne dai kamar kullum, ido kuma sai a hankali, in za ka zo ka taho mata da tabarau. Na kira wayarka har na gaji, kullum matar nan ce ke ce mini ba a samunka, shi ya sa na koma biro da takarda. Direban tankar da ke kai muku mai ya ce zai riƙa kai mana yana kawowa.

Ga abin da ya taso. Tsohon mai gidan Gwaggo ya bar wa 'ya'yansa ginin, su kuma suka danƙa shi ga wani ofis mai kula da gidajen haya. Ka san yadda ake yi a da: lokaci ya yi, Baba kafinta, mahaifinka, ya je su gaisa da tsohon, shi ke nan an sabunta. Bayan rasuwar Baba ni nake zuwa, haka muka ci gaba. To yanzu zancen baki ya ƙare. Wakilin ofishin ya zo da kansa, wani dogo mai jakar hannu. Ba shi da laifi, sai dai ko atishawa ka yi zai tambaye ka takardarta. Ya ce hayar za ta ƙare ƙarshen watan jibi, kafin nan ko a sabunta ko a ba su sanarwar tashi a rubuce.

Na ce ni zan sa hannu. Ya duba littafinsu ya ce sunan Baba da naka ne a yarjejeniyar, Baba ya saka ka tun lokacin da ka fara aiki. Baba ya rasu, saura kai. Gwaggo mazauniya ce kawai a wurinsu, ni kuwa tela ce, ba ni da albashi. Ni da nake yi wa rabin unguwa ɗinki! To ka ji, yau wuƙa da nama suna hannunka.

In sabuntawa za a yi, yana son tsohuwar yarjejeniyar, da rasit na haya, da shaidar biyan ruwa da wuta, da takardar rasuwar Baba don a cire sunansa, da kwafin katin shaidarka da na Gwaggo, da hotonta, da wasiƙa daga wurin aikinka. Sannan zai zo ya duba gidan. In tashi za a yi, fom ɗaya ne, sai a karanta mita a mayar da makullai. Na saka maka fom ɗin biyu a cikin ambulan ɗin nan.

Na karanta wa Gwaggo duka. Da na zo kan fom ɗin tashi, ko ƙarshensa ba ta bari na kai ba. Ta ce, "Ki faɗa masa, ni daga gidan nan sai kabari." Na faɗa maka. Ka hanzarta, ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma ina Baba ya ajiye yarjejeniyar? Na birkice akwatuna duka ban gani ba.

'Yar kawunka, tela

*

Zuwa ga 'yar kawuna, tela marar albashi,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta same ni lafiya, duk da direban ya zauna a kanta har ta ɗauki siffarsa. Na ji daɗin samun sauƙin maigidanki, ki ce masa ciwon baya ba ya rasa nasaba da zama da mace mai surutu. Ni lafiya ta ƙalau. Muna wani fili da ko tsuntsu ba ya tsayawa, balle sabis ɗin waya. Mun yi ta haƙa dutse ya tare mu, har ya cinye mana haƙorin inji, yanzu jiran sabo muke. Ki gaishe da Inna. Tabarau na riga na saya tun zuwana gari na ƙarshe, mai kauri, yana cikin jakata.

Yarjejeniyar tana cikin akwatin kayan aikin Baba, a ƙasan zarto, a naɗe cikin leda. Duk abin da yake ji da shi can yake sa shi, don ya san mata ba sa buɗe akwatin. Takardar rasuwarsa tana wurin Yaya, babbarmu, ki kira ta ta aiko miki. Ga wasiƙar manajanmu da kwafin katina.

Yanzu maganar da ba na son Inna ta ji tukuna. Ni da Yaya mun daɗe muna tunanin Inna ta koma wurin Yaya. Gidan Yaya babba ne, ga jikoki, ga ɗaki a ƙasa babu hawa. Tsohuwa ita kaɗai a gidan haya, ni ina daji, ke kina shago, hankalina ba ya kwanciya. Amma na san Inna, in ta kafe ko injinmu ba ya motsa ta. Don haka na sa hannu a fom ɗin duka biyu. Ki fara da na sabuntawa, ki ajiye na tashi a wurinki. In abin ya gagara, ko ta sauko da kanta, sai ki miƙa shi.

Kada ki riƙa jiran amsata a kan kowane ƙaramin abu, kin ga yadda hanyar take. Duk abin da wakilin ya ce a yi, ki yi. Ba na son a ce an ƙi sabunta wa Inna gida saboda mun yi gardama a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Ɗan gwaggonki

*

Zuwa ga mai haƙar dutse,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Gwaggo ma haka, sai ɗan tari da ya zo ya wuce. Allah ya kawo muku haƙorin injin, ya kuma ba ku ruwa.

Na sami yarjejeniyar inda ka ce, tana warin man katako. Ofishin nan kuwa na yi masa sawu har mai gadin ya fara tambayata lafiyar yara. Zuwan farko aka ce wanda ya yi kwafin katinka ya yanke maka kunne, na ce ai da ma ba ka ji da shi, aka karɓa da ƙyar. Zuwa na biyu aka ce hoton Gwaggo ya tsufa, sai da na kawo mai hoto har gida. Ya yi ta fama da ita ta kalli kyamara, ita kuwa sai kallon ƙofa take, ta ce hasken yana damunta. Rasit ɗaya ya ɓata, ɗan tsohon mai gida ya rubuta mana shaida. Fom ɗin tashi kuwa na cusa shi ƙarƙashin keken ɗinkina, can ya dace da shi. Kai da Yaya ku ji kunya, kuna ƙulla wa tsohuwa tafiya a bayan idonta.

Jiya wakilin ya zo duba gida. Gwaggo ta shige ɗakinta ta bar mu. Ya buɗe famfo, ya kunna fitilu, ya ƙwanƙwasa tagogi, duk lafiya. Sai ya tsaya a kan aikin Baba. Ka san igiyar shanyar nan da ya ja a jikin bango, daga ƙofar ɗakin Gwaggo ta bi ta falo har kicin da banɗaki, wadda take rataya ɗankwalayenta? Ita da ƙusoshinta, da 'yan guntayen katakon da ya manna a bakin ƙofofi, duk ya rubuta su. Da muka fito waje ya ce babu su a tsohuwar yarjejeniya, kuma ba za a sabunta ba sai an mayar da bango yadda yake. Ko kuma a cika wata takardar neman izini, a faɗi dalili, ka sa hannu, a jira amsa. Na ce a kan igiyar shanya? Allah ya jiƙan Baba, mutum ne da in ya ga bango ba ƙusa sai hannunsa ya yi ta ƙaiƙayi.

Na yi magana da mai fenti. Zai cire komai, ya toshe ramukan, ya shafe gidan gaba ɗaya. Zan kai Gwaggo wurina 'yan kwanaki saboda warin. Ta yi ta tambayata, "Fenti kawai?" Na ce fenti kawai, don ban ga abin tayar mata da hankali a kan igiya ba, zan saya mata abin shanya na ƙarfe mai naɗewa. In an gama zan sake wa kujerun nan zama, tun ina yarinya suke wuri ɗaya kamar an dasa su. Labule ma na yanka. In ka zo ba za ka gane gidan ba.

'Yar kawunka

*

'Yar kawu,

Gaisuwa a gurguje, ina lafiya, Allah ya sa ku ma haka. Ruwan sama ya yanke hanya, tankar ba ta shigo ba sai yau, kuma direban yana tsaye a kaina.

Kada a taɓa igiyar nan. Na san ni na ce ki yi duk abin da wakili ya ce, amma ban da wannan. Lokacin da Baba yake kwance a asibiti ya riƙe hannuna ya ce, "Igiyar gida, ko ta tsinke a ɗaura wata, kada a cire." Na ɗauka zafin ciwo ne, na ce to. Ban taɓa faɗa wa kowa ba don ban ga abin faɗa ba, sai da na karanta wasiƙarki maganar ta dawo mini. Ban san dalilinsa ba, amma Baba ba ya magana banza. Ki aiko da takardar izinin in sa hannu, a dalili ki rubuta duk abin da kika ga dama.

Ɗan gwaggonki

*

Ɗan Gwaggo,

Assalamu alaikum. Jikinmu lafiya. Wasiƙarka ta zo, amma ihu ne bayan hari, fenti har ya bushe. Ka sami wuri ka zauna kafin ka karanta sauran.

Kwanakin da Gwaggo ta yi a gidana, inda na zaunar da ita nan nake samunta. In za ta banɗaki sai ta ce gwiwa, in riƙe ta. Ban kawo komai a raina ba. Ranar da na mayar da ita gida da safe, muna shiga ta ɗaga hannun dama ta shafa bango daidai kafaɗarta. Ta sake shafawa sama, ta shafa ƙasa. Ni kuwa ina ta zuba, ina cewa Gwaggo kin ga yadda ya yi haske? Ta ce, "Ya yi kyau." Na zaunar da ita a kujera a sabon wurinta kusa da taga, na ajiye mata abinci da ruwa a tebur, na tafi shago ina jin kaina.

Bayan la'asar na dawo da labulen. Hannuna cike, bakina da allurai, don haka na tura ƙofa na shiga ba sallama. Abinci yana nan yadda na bar shi, ruwan ma ba a taɓa ba. Na same ta a tsaye a lungun da ke tsakanin kabad da bango, inda na matsar da kabad ɗin, tafukanta biyu a jikin fenti, goshinta ya kumbura. Na tsaya a gabanta, tsakaninmu bai fi kamu ɗaya ba. Ta ɗago fuska, idonta a buɗe, ya wuce ta gefen kunnena. Ta ce, "Wane ne?"

Ɗan Gwaggo, Gwaggo ba ta gani. Ba tabarau take buƙata ba. Haske da duhu kawai take bambancewa.

Na zubar da alluran na kama ta, na kai ta banɗaki, don tun safe take nemansa, ko azahar ba ta samu ta yi ba. Bayan ta yi salla ta ci abinci na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta ina kuka, ita ce ma take ba ni haƙuri. Ta ce tun kafin Baba ya kwanta ciwo abin ya gama cin idon. Sun je asibiti su biyu, likita ya ce hawan jinin ido ne, an makara, abin da ya tafi ba ya dawowa. Suka dawo gida Baba ya ɗauki guduma. Ƙulle-ƙullen da ke jikin igiyar, waɗanda na ɗauka don kada kaya su zame ne, alamu ne: ƙulli ɗaya kicin, biyu banɗaki, babban kuma ƙofar fita. Guntayen katakon suna gaya mata inda dokin ƙofa yake. Kujerun da nake yi wa dariya, da gangan ba a motsa su. Ɗankwalayen kuwa tana rataya su ne don duk wanda ya shigo ya ce shanya ce. Kuma mun ce.

Na ce Gwaggo, me ya sa kika ɓoye mana? Ta ce, "In 'ya'yana suka ji, ƙauna za ta sa su ɗauke ni su ajiye a ɗakin da ban san ƙofarsa ba. A nan ni nake dafa shayina, ni nake share ɗakina. A can sai an ɗaga ni an ajiye kamar buhu." Ta roƙe ni kada in faɗa maka. Na ce mata a'a, wannan ya fi ƙarfin cikina.

Ina jin kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Duk mako nake zuwa gidan nan, ita ke gane takuna tun daga waje, ita ke zuba mini shayi ba ya zuba a ƙasa, ni kuwa da idona biyu ban ga komai ba. Na so in gyara mata zama, na yi gyaran gangar Auzinawa. Tun ranar a can nake kwana, maigidana ya yarda. Wakili ya dawo ya ga bango, ya ce yanzu komai ya cika, za a iya sabuntawa. Ban ba shi amsa ba.

'Yar kawunka

*

'Yar kawu,

Na sami wasiƙarki. Ina lafiya. Ki duba mini goshin Inna, in bai sace ba a kai ta asibiti.

Ba zan ɓoye miki ba, raina ya ɓaci. Da farko da ke, da kika ce mata fenti kawai. Daga baya da kaina, don ni na ba ki izini, kuma ni Baba ya yi wa magana na saka ta a aljihu na manta. Zuwana hutu na ƙarshe na nuna mata hoton injinmu a waya, ta riƙe ta ce, "Kai, ƙato ne." Na yi ta jin daɗi. Yau ko aiki ban fita ba, na ce wa manaja kaina ke ciwo.

Amma ɓacin rai ba zai hana ni ganin gaskiya ba. Mace ba ta gani, ita kaɗai, ga murhun gas, ga ruwan zafi, ga ƙofa da kowa zai iya ƙwanƙwasawa. Allah ne kawai ya tsare zuwa yanzu. Ke kuma kina da miji da yara da shago, ba za ki dawwama a can ba. In wani abu ya same ta, me zan ce wa Yaya, me zan ce wa kaina?

Ki ciro takardar tashi ki kai wa wakili. Tunda bango ya riga ya koma yadda suke so, ba abin da ya rage sai mita da makullai. Ki kira Yaya ki faɗa mata komai, ta shirya ɗakin. Inna za ta yi fushi, na ɗauka.

Ɗan gwaggonki

*

Zuwa ga ɗan Gwaggona,

Assalamu alaikum. Goshin ya sace, sai ɗan tabo. Tana cin abinci, tana gaishe ka. Ta san ka ji, ta tambaye ni ko ka yi kuka, na ce ina zan sani, ta ce ka yi, tun kana yaro ciwon kai kake cewa.

Ban kai takardar ba. Ka yi faɗanka in ka zo. Na kira Yaya kamar yadda ka ce, ta yi kukanta, ta ce ɗaki yana nan, amma ba za ta zo ta ɗauki Inna kamar kayan da aka ƙwace ba. Ta ce kai ne mai sa hannu, kai za ka yanke.

Abin da na fara yi shi ne mayar da kujeru da kabad. Gwaggo ta zauna a tsakiyar falo tana ba da umarni, ni da maigidana muna turawa. "Matso da shi. Ya yi yawa. Ƙafarsa ta baya tana zama a kan tayil ɗin da ya fashe." Haka muka yi har komai ya koma mazauninsa. Daga nan na koma ofis na faɗa wa dogon nan gaskiya. Ya ajiye biro, ya ce me ya sa ba mu faɗa ba tun farko, kakarsa ma haka ta ƙare. Ya ciro takardar izinin da na raina. Ya ce in aka cika ta, aka haɗa da takardar likita, shi da kansa zai buga hatimi a haɗa da sabuwar yarjejeniya, kuma ba wanda zai sake cewa a cire igiya. Amma dole a rubuta dalili na gaskiya, mazauniya ta dangwala yatsa, mai haya ya sa hannu a ƙasa.

Nan ne wuyar. Takardar likita ba ta ba mu wahala ba, fayil ɗinta yana nan a asibitin tun zuwansu da Baba. Amma da na karanta mata layin da aka ce dalili, sai ta kau da kai. Abin da ta ɓoye wa 'ya'yan cikinta, yau za a rubuta shi a ajiye a ofishin baƙi, kowane magatakarda ya buɗe ya karanta. Na ce ko in rubuta raunin gani? Ta ce, "Ƙarya ta isa haka. Rubuta makauniya ce." Na rubuta. Ta ce, "Ki ƙara, amma ta san gidanta." Na ce Gwaggo layin ya cika. Ta ce, "Ke ba tela ba ce? Ki yi masa ƙari." Na rubuta shi a gefe. Ta miƙo babban yatsa da kanta na dangwala mata.

Na ce to ai mai fenti ya toshe ramukan, ina za mu gane wurin ƙusoshin? Ta tashi ta ce in biyo ta da allin ɗinkina. Ta ɗora yatsu a bango tana tafiya a hankali, sai ta tsaya ta ce nan. In na kai ido sosai sai in ga ɗan tudu kamar ƙwayar gero a ƙarƙashin fentin. Haka muka bi daga ɗakinta har banɗaki, tana nunawa ina zana alama. A ɗaya ta daɗe, ta ce a nan Baba ya bugi yatsansa ya yi ta masifa. Ta yi dariya, ni na kasa.

Tsoronka gaskiya ne, ban ce ba gaskiya ba ne. Ga abin da na iya: maigidana ya cire gas, mun kawo butar lantarki mai kashe kanta. Abinci daga gidana zai riƙa zuwa. Maƙwabciyarta ta ƙofar gaba, matar mai gyaran agogo, ta karɓi makulli ɗaya, kuma ashe ita ta daɗe da ganewa ta yi shiru. Ni zan biyo da safe kafin shago, in sake biyowa in na tashi. Sunana aka sa a layin wanda za a kira in wani abu ya faru, wannan ba ya buƙatar albashi. Ban ce hakan ya kawar da kowane haɗari ba. Wata rana ƙila dole ta koma wurin Yaya. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ta ce ba yanzu ba.

Ga takardu biyu a ambulan: ta tashi da ka riga ka sa wa hannu, da ta izini da ke jiran hannunka. Wadda ka dawo mini da ita, ita zan kai, na yi maka alkawari. Sai dai in ta tashi ce, ba ni zan faɗa mata ba, ka nemi tudun da ke da sabis ka kira ta da bakinka. Wata ya kusa ƙarewa, direban zai juyo jibi. Kafin nan bango sai alli, Gwaggo kuma da hannuna take yawo a gidanta.

'Yar kawunka, tela

*

Zuwa ga 'yar kawuna,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, kan ya daina ciwo. Mun sami ruwa shekaranjiya, mai yawa kuma mai daɗi.

Ga takardar izini, na sa hannu. Na karanta layin dalili, na karanta ƙarin da kika yi a gefe, rubutunki dai har yanzu kamar tafiyar kaza. Takardar tashi kuwa na ba direba ya goge baƙin mai a hannunsa, kada ki neme ta.

Damin da ke tare da wasiƙar nan igiya ce daga cikin tamu ta aiki, manaja ya yanka mini. Ba ta tsinkewa kuma ba ta cin hannu. Kada ku jira ni, ranar da aka buga hatimi maigidanki ya buga ƙusoshin, da gudumar Baba. Ƙulle-ƙullen ku bar wa Inna ta yi da kanta. Ki ce mata ba sai ta sake rataya ɗankwali a kai ba. Ki ce mata kuma in na zo hutu ta kama hannuna ta zagaya da ni gidan, ina son in koyi hanyar.

Na gode, kuma ba zan maimaita ba, kada kanki ya kumbura. Cikin igiyar akwai ƙaramin kwali, tabaran da na saya wa Inna ne. Ki fara sawa, in na zo ki ba ni aro. Tsakanin ni da ke, duk wanda ya sa shi ba a yi asarar kuɗin ba.

Ɗan gwaggonki, mai haƙar rijiya